Goggo Tumba da Takardar Gwajin Mai

Duk wanda ya san Goggo Tumba ya san takardarta. Sauran tsofaffi goro suke ƙullewa a bakin zane, ita kuwa takarda ce, an yayyanka ta daidai tafin hannu. Ko ina ta ga abin da aka soya, ƙosai ne ko awara ko fanke, sai ta zaro guda, ta ɗora abin a kai, ta danna da babban yatsa, sannan ta ɗaga takardar saitin rana ta kanne ido ɗaya kamar maharbi. Kun san yadda takarda take yi idan ta sha mai, sai ta koma kamar gilashi. To idan Goggo ta hango fuskarka ta ciki, magana ta ƙare.

"Ina ganin ka," za ta ce. "Har wushiryarka nika gani. Aje shi."

Na san ku da kuka zauna da ita a Gwandu yanzu haka kun fara dariya, don da wuya a samu wanda ba ta taɓa hangowa ta cikin takardar nan ba. Ta hango limamin unguwa. Ta hango ango ranar walimarsa, yana cikin babbar riga. Ta hango direban motar Kalgo yana tsaka da karin kumallo, ta ce ita ba za ta shiga motar mutumin da ya sha rabin kwalbar mai da sassafe ba, santsi zai kwashe shi a hanya.

Yayar Babanmu ce. Ba ta haihu ba, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da akwatinta guda da tukwanenta bakwai. Ta yi shekaru tana girki a wata makarantar 'yan mata, saboda haka babu abin da za ka gaya mata a kan tukunya. Sannan Allah bai halicce ta da zama ba. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin Goggo ta cika minti biyar a kan tabarma ba. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa madafa, ta dawo, ta gyara tulun da babu abin da ya same shi. Ko salla muka idar tare, kafin in shafa addu'a ta riga ta kai ƙofar gida.

Da muna yara mun ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Sai da na girma na gane tsoro ne. Ciwon suga ya daɗe a gidanmu. Shi ya kwantar da kakanmu, shi ya tafi da idon Baba na hagu. Shekarar da ƙanwata Nusaiba ta cika sha uku aka kai ta asibiti saboda yawan kasala da ƙishirwa. Likita ya auna ta, ya ce ciwon bai kama ta ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, a kula da abin da take ci. A shekarar nan kuma aka yanke za ta koma Kalgo gidan Kawu Bello ta ci gaba da sakandare, inda kullum da rana sai dai ta sayi abinci a bakin makaranta, ita kaɗai, babu mai ce mata ajiye.

Daga ranar ɗan sukunin da Goggo take da shi ya ƙare.

"Mairo," ta ce da ni, "can Kalgo wa za ya riƙe takarda?"

Na ce, "Goggo, ai ina can. Jami'armu babu nisa da gidan Kawu."

"Ke? Ke da ke tsayawa kallon gajimare har tuwo shi ƙone? Allah shi kyauta."

Ban yi musu ba, tana da hujja. Kuma tunda zancen ya zo kaina, bari in gaya muku inda takardun nan suke fitowa, don Goggo ba ta taɓa sayen takarda ba a rayuwarta. Ina da wani littafi mai bango shuɗi da nake rubuta 'yan waƙoƙina a ciki. Sai na lura littafin nan yana ramewa kamar mai jinya. Na zargi ɓera, na zargi gara. Ran nan da hantsi muka biya tasha ni da ita da Nusaiba, Nusaiba ta maƙale wajen Lami mai awara. Goggo ta zaro takarda, ta danna, ta ɗaga sama. Me zan gani a cikin hasken rana? Rubutuna! Waƙar da na yi wa farin wata a kan fadama!

"Goggo! Waƙata ce fa!"

"Awo, ita ta."

"Sati biyu na yi ina rubuta ta!"

"To yau ta yi aiki. Bayanta fari tas, zubda shi za a yi?" Ta ƙara kanne ido. "Ke duba ma, watan naki yanzu ya fito sosai, har haske shika yi."

Lami ta ajiye matsami ta riƙe ƙugu. "Goggo, don girman Allah ki bar korar mini masu saye."

"Ni ban kori kowa ba, Lami. Wanga mai naki tun yaushe?"

"Jiya na zuba sabo."

"Jiyan wace shekara? Man da ya haddace sunan kowa a tashar nan!"

Masu jiran mota suka fashe da dariya. Amma kafin mu bar wurin Goggo ta kifa wa Lami kwando a kan faranti ta nuna mata yadda za ta bar awarar ta tsane, ta karɓi wuƙa ta yayyanka mata kabeji da albasa da tumatir. Nusaiba ta samu awara uku a ƙarƙashin dutsen kabeji, tana ci tana zumɓura baki. Ganye kuwa shi ne kalmar Goggo ta biyu bayan "ina ganin ka". Duk kwanon da aka ajiye a gabanta sai ta leƙa ta ce, "Ina ganyen?" Har cikin kwanon fura na taɓa jin ta tambaya.

Ana saura kwana uku Nusaiba ta tafi, Goggo ta yi abin da ya girgiza gidan. Ta fita da ƙafarta ta sayo lemon kwalba, baƙin nan da Nusaiba ke mutuwar so. Duk muka fito kallo. Nusaiba ta washe baki ta miƙa hannu.

"Tsaya in ɗumama miki," in ji Goggo.

Ta juye shi a ƙaramar tukunyarta ta ɗora a wuta. Ya tafasa, ya yi kumfa, ya ja baya, ya ja baya, har ya koma wani baƙin abu mai danƙo a gindin tukunya. Ta kawo shi da cokali ta dire a gaban Nusaiba.

"Ga lemonki. Na rage miki wahalar ruwan."

"Goggo, wannan ai kwalta ce!"

"Ita kike sha kullum, ɗiyata. Ruwa ke ɓoye miki ita."

Baba yana zaune a gefe. Can sai muka ga yatsansa yana tafiya a hankali wajen tukunyar. Goggo ta make hannun da ludayi, ji kake tas!

"Umaru! Ido guda ya rage maka, shi ma ka gaji da shi?"

Tukunyar nan kwana uku tana jiƙe, an sa toka, an sa yashi, ba ta fita ba. Goggo ta yi jimamin ta kamar an yi mata rasuwa, amma ba ta jefar ba. Ta rataye ta a ƙofar madafa, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. "Tukunyar ƙarhe ke nan ta kasa. Ina ga cikin ɗiyan mutane?"

Ranar da muka raka Nusaiba Kalgo, Kawu Bello ya ce sai ya kai mu gidan abinci, irin mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Ni na so in hana, don na san abin da zai faru. Ba mu gama zama ba Goggo ta ɓace. Sai muryarta muka jiyo daga can ciki, da ta matar da ke da wurin.

"Hajiya, nan ba a shiga!"

"Abin da za ya shiga cikina ba ni da ikon in ga inda ya hito?"

Ta dawo tana goge hannu, ta ce wurin da tsabta, ba laifi, amma ta sa sun sauke man da suke soya kaza. Aka kawo soyayyiyar shinkafa tana ƙyalli. Goggo ta leƙa.

"Ina ganyen?"

Matar ta nuna mata wasu 'yan ƙwayoyin koren wake guda huɗu da suka ɓuya a cikin shinkafar.

"Waɗanga? Ai ɓata sunka yi, ba zuba su anka yi ba."

Ta buɗe jakarta ta ciro ƙullin dafaffen zogale da ta taho da shi tun daga Gwandu. Ta barbaɗa wa Nusaiba, ta barbaɗa mini, ta barbaɗa wa Kawu. Akwai wani bawan Allah mai ƙaton tumbi a teburin kusa da mu, ya juya yana amsa waya. Kafin ya juyo an yi masa shuka a faranti. Ya dubi shinkafarsa, ya dubi Goggo.

"Ci," ta ce. "Uwarka za ta gode mini."

Wallahi ya ci. Nusaiba kuwa ta ja hijabinta ta rufe fuska har muka fita.

To, nan ne dariyar ta fara ɗaci. Sati biyu da tafiyar Nusaiba, Goggo ta hana kowa sakat a gida. Ta share tsakar gida sau huɗu a yini. Ta kira ni a waya ina cikin aji: me yarinyar nan ta ci jiya, wa ya gani, da ganye ko babu. Ran Talata ta ce wa Baba za ta Masama yin barka. Ta ari niƙabi wajen maƙwabciyarmu, ta hau motar Kalgo.

Nusaiba ce ta ba ni labarin daga baya, tana kuka. An tashi tara, ta fito bakin makaranta da ƙawayenta, inda masu abinci ke jere. Akwai wata bishiyar dogon yaro a tsallaken hanya. Sai suka ga wata mata cikin baƙin niƙabi tana zagaye bishiyar nan. Ta tsaya, ta zaga, ta leƙo, ta koma, ta sake zagawa. Ƙawayen suka ce ko mai taɓin hankali ce. Nusaiba ta dubi ƙafar matar ta ga koren takalmin roba mai ɗinki a diddige, ta gane Goggo ce. Amma ta dake, ta sayi fanke biyar da lemon kwalba, don kada a ce ta san ta.

Ba ta kai na farko baki ba matar nan ta tsallako titi kamar an harbo ta. Ta fizge fanken, ta zaro takarda, ta danna, ta ɗaga sama a gaban 'yan mata sun fi talatin.

"Ina ganin ki! Nusaiba ɗiyar Umaru, ina ganin ki!"

Daga ranar sunan Nusaiba ya ɓace a makarantar. "Ina-ganin-ki" ake kiran ta. Ta daina ɗaukar wayar Goggo. Abin da ya fi muni, ta shiga cin soye-soyen nan da gayya, har abin da ba ta so. Matar Kawu ta kira ni gefe ta ce yarinyar nan fa ta dawo da kasalarta, daga makaranta sai kwanciya, ga shan ruwa kamar raƙumi. Ranar Asabar na hau mota zuwa Gwandu.

Na tarar da Goggo tana sake jera itacen da ta jera da safe.

"Goggo, kin kunyata ta."

"Kunya ta taɓa cire wa wani ido?"

"Yanzu ci take yi ninki biyu, don ta ba ki haushi."

Hannunta ya tsaya a kan itacen.

Na ce, "Ba za ki iya bin ta kullum ba, Goggo. Ko kin koma Kalgo da zama, ba za ki shiga aljihunta ba."

Sai ta zauna a kan turmi. Ta zauna sosai, hannuwa a cinya, ba motsi. Ban taɓa ganin haka ba, har na tsorata.

"Na sani, Mairo," ta ce. "Shi ya hana ni zama."

Allah da ikonsa, abin da ya gyara tsakaninsu ba wayona ba ne, ba kuma na Goggo ba. Hutun tsakiyar zango Nusaiba ta zo gida, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a daƙile. Ranar kasuwa aka aike mu sayen manja ni da ita. Muka yanke ta bayan rumfunan masu kayan zaƙi don gudun cunkoso. Muna shan kwana sai ga wata tsohuwa ta juya fuska ga bango, kumatunta sun kumbura, hannunta na ɗigar zuma. Koren takalmin roba. Ɗinki a diddige.

Jama'a, Goggo Tumba ce da alkaki!

Muka tsaya. Ta tsaya. Ni na rasa inda zan sa idona. Sai Nusaiba ta tunkare ta. Ta matsa a hankali, ta sa hannu ta kwance bakin zanen Goggo, ta zaro takarda guda. Ta karɓi guntun alkakin, ta danna, ta ɗaga saitin rana, ta kanne ido.

"Goggo, ina ganin ki. Har giɓinki nake gani."

Goggo ta haɗiye da ƙyar. "Bincike nika yi."

"Bincike?"

"In ban ɗanɗana ba, ƙaƙa zan san abin da nika hana ku?"

"Tun yaushe kike binciken?"

Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. "Tun kahin a haihi Mairo. Ran kasuwa kawai. Guda ɗaya."

"Ɗaya?"

"Ɗaya... da ƙanensa."

Nusaiba ta yi dariya har ta durƙusa a ƙasa, dariyar da na yi wata guda ban ji ba. Da ta lafa sai ta ɗago tana share ido. "Ashe ke ma kina so."

"So? Ɗiyata, in na wuce rumfar nan ƙafata rawa taka yi. Shi ya sa na san ƙarhinsa. Kwana shida nika ce mishi a'a, ran na bakwai mu gaisa."

"To ni me ya sa ba ki ba ni ran na bakwai ba?"

Goggo ta buɗe baki, ta rufe. Ku da kuka san ta, ku gaya mini ranar da kuka taɓa ganin an rufe mata baki.

A nan bayan rumfar suka ƙulla yarjejeniya, ni ce shaida. Nusaiba za ta zaɓi rana guda a sati ta ci abu guda da ranta ke so, ba ɓoyo, ba jin kunya. Sauran kwanaki abinci mai riƙe ciki, da ganye, da ruwa. Nusaiba ta zaɓi Juma'a. Sharaɗinta ita kuma guda ne: in tana zaɓen abinci, Goggo ba za ta yi magana ba, kuma ba za ta sake taka bakin makarantarsu ba.

"Ko da niƙabi?"

"Ko da bargo, Goggo."

Muka gwada a take, wajen mai abincin da ke bakin kasuwa. Ban taɓa ganin azaba irin wadda Goggo ta sha a kan bencin nan ba. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Ƙafarta na rawa har bencin na kaɗawa. Nusaiba kuwa da gangan take jan rai. Ta ce a zuba mata shinkafa da wake. Ta ce a rage mai. Sannan ta kai hannu ta tsayar da shi a saman tiren fanke, tana kallon Goggo ta wutsiyar ido.

"Hmmmm!"

"Goggo, kin yi magana."

"Tari na yi!"

Hannun ya wuce fanken ya sauka a kan yankakken kabeji. Goggo ta saki mayafin, ya jiƙe sharkaf. Ta miƙe ta zagaya bencin sau biyu, ta ce wa mai abincin, wadda ba ta tambaye ta komai ba, "Ɗiyar ƙanena ta. Ni ban ce mata komai ba, kin dai gani."

Ta cika alkawari, ba ta sake zuwa Kalgo ba. Amma kada ku ɗauka hankalinta ya kwanta. Duk na zo gida sai ta ja ni madafa. "Kina ganin tana yi? In ba kowa fa? In ƙawayen nan sunka ja ta fa?" Ni ma kuwa ban sani ba. A gabanmu Nusaiba tana yi. Bayan idonmu, Allah kaɗai ya sani.

Ƙarshen damina ciwon ƙirji ya kwantar da Goggo. Kwana tara ta yi a asibiti, kuma ko a can sai da ta gwada ƙosan da aka kawo wa matar gadon kusa da ita, ta ce a mayar. Ana jibi za ta rasu ta sa aka kwance bakin zanenta. Ni na matso, don a zatona ni za a ba gadon, ni ce babba. Ta tsallake ni ta danƙa wa Nusaiba ƙullin takardun.

"Riƙe. Ba don ki gwada kowa ba. Naki."

Ni kuma ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro bangon littafina shuɗi, fayau, babu ko shafi guda a ciki.

"Sayi sabo, Mairo. Ki riƙa rubutu gehe guda, ki bar bayan fari. Wani za ya amfana."

Muka yi dariya muna hawaye, ita ma ta yi, har tari ya sarƙe ta.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau shi ne, bayan an yi sadakar bakwai, rashin zaman nan nata kaina ya dawo. Ni da nake iya yini a gindin taga ina kallon tsuntsaye, sai ga ni ina zagaye ɗaki. In buɗe littafi, in rufe. In tashi, in zauna. Tambayarta ce take bi na ko'ina: in ba kowa fa? Yanzu kuwa da gaske babu kowa. Wadda aka yi yarjejeniyar da ita tana ƙarƙashin ƙasa.

Na daure sati uku. Ran wata Laraba na kasa. Na bar darasi, na hau babur, na sauka a tsallaken makarantar su Nusaiba, na laɓe a bayan bishiyar dogon yaron nan. Ita dai, ba wata ba. Ina tsaye ina jin kunyar kaina, kuma wallahi sai na tsinci ƙafata tana son zagaya ta.

Aka tashi tara. Ga ta nan da ƙawayenta uku. Ta rame kaɗan tun rasuwar, amma tafiyarta da ƙarfi. Ta wuce mai lemo ba ta ko waiwaya ba. Ta tsaya wajen mai alala ta karɓi biyu, ta sa aka zuba mata kwaɗon zogale a gefe, ta ciro gorar ruwa daga jakarta. Na sauke numfashi. Sai ɗaya daga cikin ƙawayen ta dawo da fanke mai zafi a leda, tana miƙa mata. Ina jiyo su.

"Haba Ina-ganin-ki, ɗauki guda mana. Yau na Maman Iklima ya yi kyau."

Nusaiba ta karɓa. Ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta lumshe ido irin na mai so. Sannan ta sa hannu a aljihun jaka ta zaro 'yar takarda daidai tafin hannu. Babu wadda ta yi dariya. Wata ma matsowa ta yi tana leƙe. Ta danna, ta ɗaga saitin rana, ta kanne ido ɗaya. Sai na ga tana juyawa a hankali da takardar a sama, tana juyawa, har ta saita bishiyar da nake.

"Adda Mairo!" ta ƙwala. "Ina ganin ki! Fito!"

Na fito kamar ɓarauniyar da aka kama da kaza. 'Yan matan suna ta ƙyalƙyala dariya.

"Wucewa nake yi," na ce.

"Ta bayan bishiya? Ko niƙabi ba ki aro ba." Ta mayar wa ƙawarta fanken. "Ajiye mini ranar Juma'a, yau ba ranata ba ce." Ta juyo gare ni, muryarta ta yi ƙasa. "Adda, ki koma aji. Ki zauna. Ina riƙe da takardar."

Ta sa mini takardar a hannu. Mai ya ratsa ta, ta zama garau. Na ɗaga ta, sai ga rubutuna a ciki, layi biyun ƙarshe na waƙar farin wata, rana na fitowa ta tsakanin haruffan, bayansu kuma ga fuskar ƙanwata tana tauna zogale. Na tsallaka na zauna a gindin bishiyar nan na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Na daɗe a zaune, ƙafata ba ta motsa ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Tumba, wadda ba ta haifa ba amma ta yi tsaron 'ya'yan mutane har ƙarfinta ya ƙare. Ka yafe mata kurakuranta, har da alkakin ran kasuwa da ƙanensa. Ka haskaka kabarinta kamar yadda rana ke ratsa takardarta. Ka tsare mana yarinyar da ta bari. Ita kuma, ya Ubangiji, da ba ta taɓa samun zama ba a duniya, Ka ba ta inuwa mai sanyi da ganye kore ko ta ina, Ka kwantar mata da hankali, ta zauna. Amin.